Abin da na tono a iyakar gonata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, kuma ko na manta mutanen Jiratawa za su tuna mini.

Ni dai a unguwar Zariya nake zaune, cikin Maraɗi, amma ina da 'yar gonar zogale a Jiratawa, wadda marigayi maigidana ya bar mini. Maƙwabcin gonar shi ne Isufu. Mun daɗe muna jayayya kan iyaka, kuma na rantse muddin ina numfashi ba zai ci taki ɗaya ba.

Ran nan ɗan kabu-kabu ya sauke ni, ina zagayawa sai ga sabuwar ƙasa daidai kan iyakar. Na sa hauya. Me zan gani? Wani abu kamar ƙaramar tukunya, da tsini a gindi, da ido kore yana ƙifta mini. Na san laya, na san ƙaho, na san ƙwarya a kife, amma asiri mai ido ban taɓa gani ba. Na ce lalle Isufu ya haye iyakar ƙasa ya samo na zamani.

Na duba gabas, na duba yamma, ba kowa. Sai na tsuguna na yi masa abin da iyayenmu ke yi wa asiri don ya karye (wadda ta sani ta sani, kar a sa ni faɗa). Idon bai daina ƙiftawa ba. Na naɗe shi a tsumma, sai ƙofar maigari.

"Ranka shi daɗe, ga abin da Isufu ya binne mini!"

Aka kira Isufu. Ya duba, ya ce, "Hajiya, ni da ko salula sai jikana ya latsa mini?"

Ina cikin ɗaga murya, jama'a sun taru, sai ga wata yarinya da hular kwano, tana haki. Ashe injiniya ce. Tana ganin abin ta dafe ƙirji.

"Alhamdu lillahi! Inna, tun ɗazu muke nemansa."

Ta ce wai kunne ne, ƙasa yake saurare. Za a ƙarfafa gaɓar gulbi da gada, to sai sun ji inda ƙasa ke da tauri da inda take da laushi, don ko ta girgiza, ko ruwa ya ci ƙarƙashi, ginin ya tsaya. Wani wurin ma ba siminti za a zuba ba, duwatsu ne cikin raga, a dasa ciyawar jema ta riƙe ƙasar.

Kaina ya ɗaure. Na ce, "Ɗiyata, na tsufa a yankin nan ban ji ƙasa ta motsa ba. Kuma ƙasa magana take da za a saurare ta?"

"Tana motsi, Inna, ke ce ba ki ji. Shi komai ƙanƙantar abu yana ji."

"Komai?"

"Komai. Ko takun akuya."

Nan na fara ja da baya a hankali. Yarinyar ta zare abin daga tsumman, ta juya shi a hannu, ta tsaya. Ta kai shi kusa da hanci.

"Ikon Allah. Me ya jiƙa shi? Ai ba a sako ruwan noman rani ba yau."

Wata tsohuwa a bayana ce ta fara ganewa, ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Maigari ya sunkuyar da kai yana gyaran rawanin da bai kwance ba. Isufu kuwa, don mugunta, ya yi gyaran murya ya ce, "Madam, a wanke shi da kyau. Hajiya ta riga ta karya shi."

Har 'yan kabu-kabu sai da suka faɗo daga kan babur. An ma sanar da aikin a taron koperatif, ƙungiyarmu ta manoma, ni ce na ƙi zuwa don kar in zauna tabarma ɗaya da Isufu.

Gaban kowa na ba shi haƙuri. Gonata tana nan, ba wanda ya taɓa ta. Har yau ban gane abin da ƙasa ta faɗa wa yarinyar nan ba, kuma ina roƙon Allah ya sa nawa bai shiga ciki ba. Abin da na koya ɗaya ne: in ka ga abu a binne, fara tambaya kana tsaye.