An Roƙi Gafarar Gogo, Gogo Tana Bayan Shinge

Ku yi mini afuwa, masu karatu. Ban taɓa rubutu a jarida ba, ni da littattafai muke a ƙuryar ɗaki. Amma tunda neman gafara ya zama biki a ƙasar nan, bari ni ma in fara da shi.

Ranar Asabar na raka kakata, Gogo Thembekile, taron da aka shirya dominta a garin Benoni. Wani farar fata mai shagon taya, Labuschagne, ya jefe ta da kalmar nan ta zagin baƙar fata da muka ɗauka an binne ta tare da mulkin wariya. Wata goma sha huɗu tana zirga-zirgar kai ƙara, kafin a yanke masa ya nemi gafararta a bainar jama'a. Maƙwabcinmu Baba Dlomo ya ce wahalar banza ce, ai bakin mutum nasa ne. Gogo ta ce ita ma kunnenta nata ne, kuma da shi take so ta ji.

Allah ya ja zamanin Masu Girma Iyayen Sulhu! Sun kafa rumfa, sun shimfiɗa jar darduma, nama sai ƙamshi yake. Abu ɗaya kawai suka manta. Mai gadi ya duba takardarsa sama da ƙasa, ya ce, "Gogo, yau ta manyan baƙi ce."

Muka tsaya bayan shinge. Jawabi bakwai, kowane babba ya yafe a madadinta. Kura da shan bugu, gardi da shan tafi. Labuschagne ya karanta wa masu ɗaukar hoto takardar lauyansa, wai yana nadama idan akwai wanda ransa ya ɓaci.

Da ya fito zai shiga mota, Gogo ta gitta masa sandarta.

"Ɗana, ni ce."

Ya laluba aljihu. Takardar tana hannun lauya, lauya yana layin nama. Fuskarsa ta yi jawur, ya cire hula.

"Mama, na yi laifi. Ki yafe mini."

"Yanzu na ji," in ji Gogo. "Yafiya kuma, bari in kwana da ita."

Babu babban da ya gani, baki cike ba ya waige. Ni ma ta ƙarƙashin ƙofar edita na tura wannan takarda. Kafin ya ɗago kai, na kai tasha.