Ranar da Baban Chizuru Ya Rusuna wa Wuta

"Gilashi? Ni za a gaya wa gilashi? Duk Japan, in aka cire waɗanda suka mutu, babu mai hannuna a harkar nan."

Maigidana ke nan, Shigeharu Kuwabara, tsaye gaban madubi yana danne kansa da mai. Kuma ba ƙarya ya shara gaba ɗaya ba, ya daɗe a harkar gilashi: tagogin jirgin ƙasa yake wankewa har ya yi ritaya. Soso da bokiti, kun ji kayan aikin Sarkin Gilashi.

Bari in gaya muku abin da ya sa hankalina bai kwanta ba a ranar. 'Yarmu ɗaya tal, Chizuru, ta samu wanda take so, wani yaro Naoto mai aiki a gidan waya. Mahaifinsa ya rasu, magana tana hannun uwarsa, Madam Yukawa, mai koyar da shirya furanni, macen da ko atishawa za ta yi sai ta yi ta a tsare. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Bari in ga gidan da yarinyar ta fito." Mutane kan yi haɗuwar iyaye a gidan abinci, inda bakin namiji zai samu abin yi. Ita kuwa sai ta zaɓi gidan adana duwatsun ado na gilashi da ke kusa da tashar jiragen ruwa, wai tana sha'awarsu.

Ina jin kalmar gilashi na tashi na haɗiyi maganin ciki.

Chizuru ta tsaya a bayan babanta. "Baba, gaisuwa kawai. Ka gaishe ta, ka ce abubuwan nan suna da kyau, shi ke nan."

"Ki kwantar da hankalinki. Kafin rana ta faɗi matar nan da kanta za ta roƙe ni in ba ta ke."

Ku da ba ku taɓa ganin kansa ba, saman fili ne fetal. Sai wasu 'yan silin gashi da ya bari suka yi tsawo a gefen kunnen hagu. Kullum safiya zai kwaso su ya shimfiɗa har kunnen dama, ya liƙe da mai. Ni a raina gada nake kiranta. Na cusa filas ɗin shayin sha'ir mai sanyi a jaka, da hankici, da sauran maganin cikin, muka fita. Sai da na koma daga bakin titi na duba ko na kashe risho.

Mun same su a ƙofa. Madam Yukawa ta sha rigar kimono ruwan toka, ba ko lanƙwasa ɗaya a jiki. Aka yi gaisuwa, aka rusuna, aka ƙara rusunawa. Har nan lafiya lau. Har na fara jin yunwa, alamar hankalina ya soma kwanciya.

A kan teburin mai karɓar baƙi akwai wani faranti cike da 'yan dunƙule-dunƙule masu zanen ja da kore, suna sheƙi. Gogan naku ya miƙa hannu ya ɗauki guda, ya ɗaga shi sama wajen fitila, ya kanne ido ɗaya.

"Yukawa-san, kin ga wannan? Aikin da ne. Irinsa kakana ya yi wa matan manyan sarakuna. Yanzu ko an tara masu sana'ar ƙasar nan kaf, ba za su fitar da wannan jan ba."

Kakansa kifi yake busarwa. Na san shi, na ci kifinsa.

Madam ta ɗan karkata kai. "Ashe haka ne."

Naoto kuwa, bakinsa a buɗe. "Baba, da ido kawai ka gane?"

"Yaro, ido da jini."

Chizuru ta matso kunnensa ta ce a hankali, "Baba, alawa ce. Ta baƙi ce."

Na ga wuyansa ya yi ja. Amma mutumin da ya riga ya ambaci kakansa ba ya ja da baya. Ya damƙe alawar a tafin hannu ya ce, "Gwani sai ya ɗumama shi a hannu kafin ya faɗi shekarunsa." Muka shiga ciki, shi da dunƙulallen hannu kamar mai shirin dambe.

To, a ciki ba a cin komai, babu kuma kwandon shara. Ga duwatsu jere a akwatunan gilashi, wani da fure a cikinsa ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, wani da kifi, wani kamar an kama sararin sama an kulle. Ni dai ban more kallon ba. Idona na kan hannun nan, inda wani jan ruwa ya fara zirarowa ta tsakanin yatsu.

Na zura masa hankici ta baya. "Baban Chizuru, karɓi."

"Ki bar ni, ina aiki."

"Aikin yana ɗiga."

Naoto ya leƙo. "Baba, ka gano shekarun?"

"Ya fi yadda na zata tsufa. Har ya fara sakin jiki."

Haka muka zagaya. Can ya faki ido ya zura ragowar a aljihun kwat ɗin da na kai guga musamman. Muna isowa ƙarshen ɗakin sai ga wata ƙofa, a bayanta tebura da bakin wuta irin na masu walda, inda baƙo zai zauna a koya masa ya yi dutsensa da hannunsa. Na kama hannun Chizuru na ce mu je mu sha shayi. Ina! Maigida ya riga ya gani.

Yana da wata ɗabi'a, duk lokacin da zai yi babbar cika baki sai ya shafi gadar nan. Ya ɗaga hannun alawa ya shafa. Da hannun ya sauko, gada ta biyo shi. Ta bar kunnen dama, ta miƙe tsaye, ta lanƙwaso gaba a saman goshinsa, ta sandare a nan kamar gashin bakin jatan lande. Shi bai sani ba. Mu duka mun gani. Amma wa zai dubi babban mutum a gaban surukai ya ce masa gashinka ya tashi? Madam ta mai da idonta kan bango. Ni na yi ta shafa nawa kan ina masa alama, ya ɗauka jinjina nake, ya gyaɗa min kai.

"Yukawa-san, yau zan yi miki dutse da hannuna. Da furen itacen ume a ciki. In sun ce za su riƙe shi su sa a akwati, kada ki yarda."

Malamar wurin, wata matashiya mai sanyin murya, ta zaunar da shi, ta ba shi tabarau, ta miƙo masa ƙyallen ɗaure kai, idonta na kan abin da ke lilo a goshinsa.

Ya ture ƙyallen. "Wannan na 'yan koyo ne."

"To, ranka ya daɗe, abu biyu kawai. Tsinken ƙarfen da ke hannun hagu, kada ka daina juya shi. Kuma kada ka ɗauke ido daga wutar. Sandar gilashin a hankali ake kusanto da ita, sai ta ji ɗumi tukuna."

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake da gilashi."

Ya cusa sandar tsakiyar wuta kai tsaye. Bakinta ya yi tas, ɓarɓashi ya watsu a tebur. Duk muka ja baya.

"Gaisuwa ce," in ji shi. "Gilashi ya san nasa."

Naoto ya gyaɗa kai da gaske, har yana gwada riƙon da hannunsa a iska. Na lura Madam ta daina kallon mijina, ɗanta take kallo, kallo mai tsawo.

Malama ta riƙe masa tsintsiyar hannu, har aka samu gilashin ya narke ya naɗe a tsinke. Fure dai ban gani ba. Abin ya fi kama da dunƙulen shinkafar da yaro ya matse ya fasa ci. Amma yana juyawa, yana ja, kuma babu wanda ya mutu. Na ce a raina, in aka tsaya a nan zan kai kyauta wurin bauta.

Sai Madam ta matso gefen teburin, ta haɗa hannuwa a gaba, ta ce, "Kuwabara-san, ka sha wahala saboda ni. Na gode ƙwarai." Ta rusuna.

To fa. An ce kada ya ɗauke ido daga wuta. Amma uwar ango ta rusuna wa uban amarya, ya zauna ƙiƙam yana juya tsinke? Ya miƙe da tsinken a hannu ya rusuna. "Ba komai, abin banza ne, bai kai a gode ba."

Ta ɗago, ta ga har yanzu kansa na ƙasa, ta koma. "A'a, karamcinka ya yi yawa."

Ya leƙo ta ƙasan tabarau, ya ga ta fi shi sunkuyawa. Shigeharu ba ya yarda a fi shi ko da a ladabi ne. Ya ƙara ƙasa. "Ni ne da godiya."

"Ranka ya daɗe, juya," in ji malama.

"Mu ne da godiya," in ji Madam.

Tsinke ya tsaya cak. Gilashin ya fara zubowa ƙasa kamar zuma, ya yi dogon wuya. Babu mai kallonsa. Madam ta sauka, shi ya sauka. Naoto ya ga uwarsa na rusunawa, shi ma ya shiga. Chizuru ta shiga. Ni ma, me zan yi, na shiga. Malama kaɗai ce a tsaye tana cewa juya, juya, daga baya ita ma kunya ta kama ta, ta ɗan sunkuya.

A nan ne gwanin ya yanke shawarar gama gasar. Ya ja numfashi, ya ninke biyu, rusunawar da ko a gaban kabarin kakanni ban taɓa ganin ya yi ba. Gashin jatan landen nan, da mansa da alawarsa, ya shiga bakin wutar.

Fuu. Ƙarar ke nan, ba wani abu mai yawa ba. Wata 'yar wuta shuɗiya ta bi gada daga wannan ƙarshe zuwa wancan da gudu kamar ta makara. Warin babbaka da na ƙonannen sukari ya cika ɗakin. Shi kuwa yana nan a sunkuye, don Madam ba ta ɗago ba.

Malama ta kashe gas. Ni ban san lokacin da na buɗe filas ba, na juye masa shayin sha'ir tun daga ƙeya. Rabi ya kashe wutar, rabi ya sauka kan gilashin da ke hannunsa. Gilashi mai zafi da ruwan sanyi ba sa shiri. Ya yi ƙara ya tarwatse, ya bar shi riƙe da tsinke tsirara.

Ya ɗago. Kai sumul, yana hayaƙi kaɗan-kaɗan, shayi na ɗiga daga hanci. Fata dai ba ta ƙone ba, gadar ce kawai ta tafi. Ya dubi tsinken, ya dubi Madam, ya miƙa mata shi da hannu biyu.

"Salon da ne. Sai mai ido yake ganin furen."

Naoto ya ce, "Baba, wutar kan ita ma cikin sana'ar take?"

A bencin waje muka zauna, maigida ya tafi banɗaki neman abin da ya rage. Chizuru ta sunkuyar da kai, hawaye na sauka a kan siket ɗinta. Ni ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri, ina tunanin yadda yarinyar nan za ta kwana. Madam ta rufe fuska da hannun riga, kafaɗunta na rawa. Na ce shi ke nan, mun sa matar mutane kuka.

"Yukawa-san, ki yi haƙuri, ba kullum yake..." Na kasa ƙarasawa, don kullum yake.

Ta sauke hannun. Ashe dariya ce take ta dannewa har ta fito mata ta ido. Ta share, ta dubi Chizuru.

"'Yata, tun kina ƙarama haka yake?"

"E, Mama."

"Kuma ba ki taɓa guduwa daga gida ba?"

"A'a."

"To na ba ki Naoto." Ta nuna ɗanta da haɓa, yana can yana ɗaukar hoton tsinken. "Kin gan shi. Hanyar babanki ya kama, yau na tabbatar. Dama abin da ke hana ni barci, wace mace ce za ta iya zama da shi in ya kai shekarun babanki. Ke an riga an horar da ke." Ta juyo gare ni ta kama hannuna. "Sannu da aiki."

Da maigida ya dawo da hankicina ɗaure a ka, aka gaya masa. Ya dube ni ya ce, "Me na ce muku da safe?"

Ranar biki, ango da amarya suka bi tebur-tebur suna kunna kyandir kamar yadda aka saba, ana tafi. Da suka iso teburinmu, kyandir ɗin na roba ne mai batir. Naoto ya danna makunni ya wuce. Maigida ya raɗa min, "Kin gani? Na zamani suka ware mana." Ya gyara kwat, ya miƙe zai yi jawabin uban amarya, ya haɗa ƙafafu, ya fara lanƙwasa baya. Sai muryar mai gabatarwa ta fito ta lasifika, a tausashe, kowa na ji:

"Dangin ango suna roƙon uban amarya ya yi gaisuwarsa a tsaye. An yafe masa rusunawa."