Filasta a Idon Kwamfuta

"...ya kuma gajiyar ɓuya, maigida?"

Malamin lissafi bai ɗago ba. Ya san muryar. Kakarsa ce, malamar 'yan aji ɗaya, ta shigo ofishin malamai da kwamfuta a hammata kamar mai kai kaza kasuwa. Yau ake rufe horon malamai na intanet, kuma mai horarwar ta ce wanda bai nuna fuska ba, ba shi da takardar shaida. Marar takarda kuwa, shugaban makaranta zai karɓe ajinsa. Shi ko tun ranar farko ya liƙe idon kwamfutarsa da filasta.

"Lafiya lau, amarya."

"Me ya sami idon na'urar? Hakiya?"

"Kunya take ji."

"Ta yi gado. Malamin da ɗalibai suka fi sanin ƙeyarsa! Kullum hanci a jikin allo. An ce wani yaro ya gamu da kai gaba da gaba, ya tambaye ka ko ka ga malamin lissafi."

"Gara ni. Ba ke ce kika hana a fara darasi ba sai kin gaida kowa, har kina tambayar wani ya jikin surukarsa?"

"To ba ta da lafiya!"

"Kika ce wani ya tofar da cingam. Mutum yana wata ƙasa!"

"Ya tofar kuwa."

"Aka kashe miki murya."

"Na ci gaba da hannu."

"Ganga in ta cika zaƙi, fashewa take."

"Kai kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ƙeyar zan nuna musu. Ita ke koyarwa, ita ta cancanci takarda."

"Sai ka sallame ni. Ni ban auri ƙeya ba."

Kwamfutar ta yi ƙara. Fuskoki suka fara jeruwa cikin 'yan akwatuna, nasa kaɗai baƙi wuluk. Ya tuna ajinsa, ya tuna idanun mutane, ya rasa wanda ya fi tsoro.

Tsohuwar ta ja kujera ta zauna gefensa, ta rage murya.

"Kai, fuskar nan fa ba taka ba ce. Ta ɗana ce, ya bar maka ya tafi. Ni ban ƙoshi da kallonta ba, kai kana ɓoyewa?"

Ya ɗago ya dube ta, ya shafa hancinsa.

"Har da hancin?"

"A'a. Hancin na dangin uwarka ne, shi kana iya rufewa."

Dariya ta ƙwace masa. Ya sa farce ya ɓanɓare filastar, akwatinsa ya yi haske.

"Na sallama. Ungo tukwici, ki liƙa a baki kafin a fara."

Ta karɓa ta liƙa a bayan hannu, ta cusa kai gaban kwamfutarsa.

"Jama'a, ga mijin nawa. Ku yi haƙuri da hancin."