Bayan Motar Jikana

"...da kwanan iyali? Au, ashe kai ne. Na zaci mai wankin mota aka ɗauko mana."

"Ni ne, Amarya. Kin tashi da kanki, ko sai da aka tura?"

Jikana ke nan, ɗan babbar 'yata, wanda nake kira Maigida tun yana rarrafe. Yanzu ya yi gemu, yana koyarwa a makaranta, har ya sayi wata mota ta hannu mai kujera bakwai, wai ta iyali. Ran nan da hantsi na same shi a ƙofar gida da bokiti da soso yana dirzarta. Ƙarfe goma sha ɗaya aka ce ya kai ta gwajin lafiya. In ta faɗi, sai bayan mako uku za a sake ba shi layi, kuma kafin nan ba ta hawa titi. Ni kuwa jibi ya yi alkawarin kai ni wurin ƙanwata da ke kwance, tafiyar awa biyar, ga ƙafafuna sun daina hawa motar haya. A ɗakinmu daga ni sai ita muka rage. Mai shekarunmu ba ta wasa da mako uku.

Na ja kujerata na zauna, na ce, "Wanka kake mata? Gasar kyau za ka kai ta?"

"Gwaji, Amarya. Abin da ba ki taɓa zama ba."

"Ni da aka gwada da haihuwa tara? Har da uwarka da ta zo da ƙafa?"

"Da ke za a ɗora a kan injin nan nasu, tun daga gwiwa za a koro ki. Ƙara ta gaba, ƙara ta baya, ga hayaƙi."

"Hayaƙin ina?"

"Na baki."

"Shekara tamanin ina tafiya ba wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashina. Taka kuwa kowane wata tana kan rami, ƙafa a sama, wani ƙato yana lalube."

Ya matse soso, ya fara lissafa min da yatsu kamar yana gaban 'yan aji. "Bakanike ya ce irin wannan motar abu uku ke kayar da ita. Birkin hannu, an ɗaure. Ƙafar gaba, an canza roba. Hayaƙi, an liƙe salansa. Ga sababbin taya biyu. Yau ko mai gwajin da aljani ya zo, sai ya sa hannu."

"Bakanikenka uku ya iya ƙirgawa. Ido ɗaya gare ta."

"Ke ce mai ido ɗaya, tun da likita ya yi miki kwaskwarima."

Ya zura hannu ya kunna fitilun gaba, duka biyun suka kama. Ya buɗe min hannuwa yana rausaya kai.

"Na baya, sakarai. Jan nan da ke kamawa in ka taka birki. Na hagu ya mutu yau kwana ashirin."

"Ke da ba ki san birki da giya ba?"

"Kai gabanta ka sani, ni bayanta. Kullum da safe ina kan kujerar nan kake fita, ka ci birki a kwanar mai shago. Da ido biyu take min sallama. Yanzu ɗaya take kashe min, kamar yarinya marar kunya."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Sau biyu na faɗa. Ka ce min 'to, Amarya', irin 'to' ɗin da kake yi in na ce ka rage tumbi."

Ya shiga ya taka birki, ya fito da gudu ya zagaya baya. Mutum mai digiri! Yana ɗaga ƙafa ai ta mutu. Sau biyu ya yi haka, ina kallo.

"Amarya."

"Na'am, mijin wahala."

"Zo ki taka min."

"Ni da ban san birki da giya ba?"

"Don Allah. Goma ta wuce."

Da ƙyar ya cusa ni a kujerar direba. Na kama sitiyari don in gyara zama, sai abin ya yi wata kururuwa, karen maƙwabta ya tsallake kwata. Ƙafata kuwa ko kusa ba ta kai ba.

"An gajarce ki a masana'anta," in ji shi.

"Da wannan ƙafar na goya ka. Miƙo min sandata."

Na dogara sanda a kan abin takawa na tsakiya, na danna da hannu biyu. Shiru daga baya.

"Maigida, ka rasu ne?"

"Sake dannawa."

"Ina kai."

"Ƙila rana ce ta yi yawa."

"A gefe ɗaya rana take? Cire hula ka yi mata inuwa."

Ya cire, ya yi mata inuwa. Daga nan sai na ji ƙarar kwance ƙusa. Ya zo ya nuna min gidan fitilar, ruwa kwance a ciki, ƙwan ya yi baƙi ƙirin.

"Zauna inda kike, a'a, matsa gefe. Tare za mu tafi, ba ni da mai taka min."

A shagon mai kayan mota aka sa sabon ƙwai, na sake dannawa da sanda, aka ce ya kama. Saura minti huɗu muka isa.

Wurin gwajin doguwar rumfa ce, da rami a tsakiya da benci a gefe. Mai gwajin wani siriri ne, biro a bayan kunne, fuska ba annuri. Ya ɗora ta a kan wasu ƙarafa masu juyawa, ya girgiza ta, ya zura mata tiyo a salansa, ya shiga rami da tocila yana ƙwanƙwasa nan da can. Ni ina benci. Ƙanwata kawai nake gani. Can ya fito ya zagaya baya.

"Taka birki."

Ja biyu, tar. Ya zaro biro.

"Kun yi sa'a. Irin wannan motar, ruwa ke shigar mata fitilar baya. Da safen nan biyu na mayar, duk a wanke fes. Wa ya gano muku?"

"Wani ƙwararre ne," in ji Maigida.

Na yi tari.

"Tsohon hannu ne sosai."

Na ƙara tari, na buga sanda a ƙasa.

Sai Maigida ya fashe da dariya, ya zo ya durƙusa gabana a kan simintin nan mai maiƙo, da farin wandonsa. "Na sallama, Amarya. Ke ce. Faɗi abin da kike so."

"Bargo mai laushi, na ƙanwata."

"Biyu zan saya, kar ki ƙwace na marar lafiya."

"Sayi uku. Ita ma matarka ce, kuma ko a kwance ta fi ni baki. Za ka nemi abin rufe kai."