Tsattsewa Ta Rasu, Idanunta Ba Na Sayarwa Ba Ne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki ake sanar da jama'ar Kan Tudu da duk masu bin hanyar Haputale rasuwar Tsattsewa, motar Goggo Premawati. Mai rubutun, Hasini 'yar ƙanin Goggo, tana neman afuwa tun daga farko. Ba ta taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, ta kuma san akwai manya a gidan da suka fi ta cancanta. Sai dai manyan sun yi gum, gawa kuwa ba ta jira.

Marigayiyar haifaffiyar Japan ce. Ta iso tsibirin nan cikin jirgin ruwa tun lokacin da kan Goggo bai san furfura ba. Ja ce, mai ƙofa biyu, marar nauyi, har masu tsinkar shayi sukan haɗu su ciro ta daga kwata ba tare da sun sauke kwandunansu ba. Idanunta, wato fitilunta, a lumshe suke a kan hancinta, sai an taɓa maɓalli su ɗago kamar na wadda aka tasa daga barci. Na hagun yakan makara. Gaisuwarta ta safe kowa ya san ta: kir-kir-kir, tari biyu, sannan ta buɗe murya har karnukan gangare su amsa.

Ba ta da ƙarfin a zo a gani. A miƙaƙƙiyar hanya bas ma yakan wuce ta, fasinjoji suna dariya. Amma inda hanya ta karkace, babu mai ganin ƙeyarta. Shekarar da Goggo ta fara shiga tseren hawan tudu, maza suka ce ta koma gida ta kankare kwakwa. Da suka iso sama suka tarar ta kashe inji, tana shan shayi, har ta tambaye su ko a hanya suka tsaya sayen kwakwar.

Aibinta ɗaya, ƙishirwa. Kowace safiya Goggo takan ɗaga bonet ta shayar da lagireto da wata tsohuwar buta, kuma ba sa wuce maɓuɓɓugar tsakiyar gangare sai sun tsaya an ƙara. Duk unguwa ta san wannan.

Ciwon ajalinta ya zo ne daga Kolambo. Nalaka, ɗan Goggo tilo, ya zo hutun sabuwar shekara ya karɓe makulli, wai idon mahaifiyarsa ya yi rauni. Ya ce irin wannan mota ya tuƙa ta ba adadi a wasan tsere na kwamfuta, ya ci kofuna da ita, ya san halinta ciki da bai. Goggo ta biyo shi ƙofa da buta.

"Ka ba ta ruwa, ɗan nan."

"Inna, zamanin buta ya wuce."

Ta cikin allon kwamfuta ba ta taɓa roƙon ruwa ba, shi ya sa bai san ƙishirwar ta gaske ba. Ya sauka gari, ya juyo da ita a giya ta biyu tana kururuwa, ya wuce maɓuɓɓuga ko waiwaye bai yi ba. Masu aiki a gonar shayi sun ji kalamanta na ƙarshe: wani dogon fito irin na tukunyar da ta tafasa, sai ƙwas, sai shiru. Kawu Selvam makanike, wanda ya yi jinyarta tun ƙuruciya, ya kara kunne a jikin injin, ya daɗe, sannan ya cire hularsa.

Gawa ba ta gama hucewa ba Nalaka ya yi magana da wani mai gidan kofi a Kolambo. Za a sa zarto a yanke gabanta, a rataye a bango saman allunan wasan kwamfuta, a ja wa idanun waya su riƙa ƙiftawa duk lokacin da wani ya ci tsere. Ragowar ta tafi wurin masu gwangwan. Babbar mota za ta zo ɗauka ranar Asabar.

Goggo ba ta yi musu ba. Ta tashi ta buɗe ƙofofi da tagogin gidan duka, ta kashe wutar murhu, kamar yadda ake yi in akwai gawa a gida.

"Inna, mota ce fa."

"Da mota ce kawai, ai da ka iya tuƙa ta."

Don haka ake sanar da mai gidan kofi, cikin girmamawa, cewa ya makara. Goggo ta daɗe da yin wasiyyar ba da idanunta ga makafi bayan ranta, kamar rabin tsofaffin unguwar nan, kuma ta shaida cewa a gabanta marigayiyar ta yi irin wannan alkawari. Akwai 'yar'uwar marigayiyar, wata mota irinta, a Kandi, a hannun wata malamar jinya, wadda ta makance tun da ta yi karo da saniya. Kawu Selvam ya cire idanun da hannunsa, ya naɗe su a zanin Goggo, ya kai su cikin jirgin ƙasa a kan cinyarsa. Labari ya iso cewa 'yar Kandi ta hau tudu cikin hazo ba ta yi tuntuɓe ba. Malamar ta yi ƙorafin na hagun yana makara. Goggo ta aika mata cewa ta yi haƙuri da shi, halinsa ne.

Marigayiyar ta bar Goggo Premawati, da Kawu Selvam, da buta, da kyanwar da ke kwana a kan bonet, wadda har yanzu take hawa tana mamakin sanyi. Ta bar dubban inuwoyinta a allunan duniya, waɗanda ko ɗaya ba ta aiko da ta'aziyya ba. Ta kuma bar Nalaka. Iyali suna roƙon kada a yi masa habaici a shagon shayi, don an gan shi tsaye a gaban ramukan idanun nan biyu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. An riga an ɗaura fararen tutoci daga ƙofar gida har gindin gangare. Marigayiyar ba za ta hau bayan kowa ba, da ƙafafunta za ta sauka, babu inji, babu idanu, Goggo a sitiyari. Masu cewa idon Goggo ya yi rauni su kwantar da hankali, ta ce kowace kwana ta hanyar nan a tafin hannunta take. Matasa su zo da shirin turi, taku kaɗan ne, tudu zai yi sauran. In babbar motar ta iso da wuri, direbanta ɗan ƙasa ne, ya san abin da ake yi in an haɗu da fararen tutoci: a kauce, a kashe inji, a sunkuyar da kai.

Makwancinta gindin bishiyar garejin Kawu Selvam ne, fuskarta na kallon kwanar farko. Maƙwabta za su kawo shinkafa da kabewa da busasshen kifi, tunda wutar gidan ba za ta tashi ba sai an dawo.

Saura zuba ruwa, wanda dangi mafi kusa ke yi wa mamaci, a tsiyaya a kofi har ya cika ya tumbatsa. Goggo ta ce ba ita za ta yi ba. Ta wanke butar, ta cika ta a maɓuɓɓuga, ta ajiye a ƙofar ɗakin Nalaka. Da safen nan ba a ga butar a wurin ba.

Kada a nemi mai rubutun. Kafin mai karatu ya kai wannan layi, ta riga ta liƙa wannan takarda a bangon shagon shayi, ta bi ta bayan shagon, da ragowar gam a yatsunta.