Yadda Za Ka Gabatar da Hangen Nesa Ba Tare da Ka Hango Komai Ba

To, an zaɓe ka shugaban ƙungiyar ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ta yankinmu. Allah ya taya riƙo. Nan da mako uku za ka tsaya gaban likitoci da nas-nas da masu ba da shawara ka faɗa musu inda za ka kai su, alhali kai ma ba ka sani ba. Kwantar da hankalinka. Shekara goma sha ɗaya ina sakataren ƙungiyar nan, shugabanni huɗu na rubuta wa jawabi. Uku sun sauka lafiya, ba mai tuna abin da suka ce. Ka bi matakan nan, tafi kam sai ka gaji da shi. Na huɗun, wanda muke kira Dogo, shi ne bai ji magana ba.

1. Zaɓi shekara mai nisa

Kada ka kuskura ka yi alkawarin abin da za a iya dubawa ranar Litinin. Ka ce "nan da shekara ashirin". Kafin lokacin ka yi ritaya, masu tambayarka ma sun yi.

2. Tanadi kalmomi huɗu

Ingantawa, ƙarfafawa, wayar da kai, masu ruwa da tsaki. Ka yi ta jujjuya su har su ba ka manufofi bakwai. Uku lalaci ne, goma kuma wani zai ɗauka da gaske kake.

3. Wasiƙa wurinta durowa

Za ka tarar da wasiƙun 'yan ƙungiya jibge a teburinka. Dogo ya tarar da ta Sista, nas ɗaya tilo a ƙaramin asibitin nan na ƙarshen hanya, inda motar haya ke juyowa. Shekara uku ba ta je hutu ba. Ta rubuta cewa in ba a samu mai karɓarta ko da kwana biyu a mako ba, ƙarshen wata za ta ajiye aiki. In ta ajiye, an rufe asibitin ke nan, mutum fiye da ɗari masu zuwa karɓar magani duk wata ba su da wurin zuwa.

Dogo ya karanta sau biyu, ya ce, "Sakatare, ya ake yi da irin wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarƙashin sauran ake sa ta, sai a kafa kwamiti."

Ya ce to. Ina juya baya ya ninke ta ya sa a aljihun riga. Wasiƙar da ke aljihu ba ta barin mutum ya sake.

4. Kashe fitila, kunna majigi

Sa hoton tsani, da na hannaye a haɗe, da na rana tana fitowa. Amfanin majigi ba hotunan ba ne, duhun ne. Mutanen nan da karanta fuska suke cin abinci, kada ka ba su taka kyauta.

5. Kada ka bari su yi shiru

Nan ne wurin mutuwa, ka buɗe kunne. A wasu ƙungiyoyin, in ba a yarda da kai ba ihu ake yi, ihu kuwa da sauƙi. Namu ba sa ihu. Karkata kai suke yi, su ce "uhm", su jira. Da haka suke sa mai shekara goma bai yi magana ba ya amayar da cikinsa. Saboda haka kana gama manufa ta bakwai, ka ce a yi addu'a a tashi.

Dogo sai da ya ce, "Akwai tambaya?"

Aka kunna fitila. Ba wanda ya ɗaga hannu. Mutum tamanin suka karkata kai gefe guda. Can wata tsohuwar nas da ta horar da rabin zauren, kowa Inna yake ce mata, ta ce a hankali, "Mun ji na allo, ɗana. Kai me ke damunka?"

"Babu komai, Inna."

"Uhm."

Shi ke nan abin da ta ce. Ina daga gefe ina ta yi masa alamar addu'a da hannu. Mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa marasa lafiya wannan dabarar, ko minti ɗaya bai kai ba. Ya zaro wasiƙar ya karanta musu tas. Sannan ya ce, "Ni dai gaskiya ban hango shekara ashirin ba. Ƙarshen wata nake hange, kuma tsoro nake ji."

6. In ta ɓaci, hana takarda yawo

Wannan ni ne na makara. Inna ta yage bangon littafin manufofin da na yi mako biyu ina rubutawa, ta jera ranakun zuwa karɓar Sista a bayansa, ta sa sunanta a Talata, ta miƙa wa na kusa da ita. Kafin takardar ta dawo gaba, wata uku sun cika. Dogo ya samu Alhamis.

Sista ba ta wurin, don ba wanda za ta bar wa asibitin. Daga bakin ƙofa Dogo ya kira ta a waya ya faɗa mata. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Likita, Alhamis ɗin ka zo da wuri, tun bakwai ake fara layi." Ba ta ajiye aikin ba. Na ji haushin littafina ƙwarai, amma ba zan ɓoye maka ba, sai da na shiga ofis na share ido.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo bayan karanta wannan, babu hannuna babu ƙafata. In ka bi matakan aka tafa maka aka manta da kai, haka muka yi da kai. In kuma ka yi irin ta Dogo, ka tsinci kanka a motar haya duk mako, aka sake zaɓenka babu hamayya, kada ka kawo mini ƙorafi ofis. Musamman ranar Laraba. Ba na nan, ni ke raba kati a wurin Sista.