Gurup Ɗin Da Na Yaba a Dumega

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da konseye, mai duba aikin malamai, ya shigo ajina a Dumega ba. A duk lakwal ɗin, wato makarantarmu, ni kaɗai ce nake raba yara gurup-gurup su yi aiki tare. Diraktanmu, dattijo mai son ganin yara a jere, kullum cewa yake, "Madam, wanga ba karatu ba ne, kasuwa ce."

Ran nan na ƙudura sai na rufe masa baki. Na ba yaran lissafin da'ira, na shiga zagayawa, hannu a baya, yadda aka koya mana wurin horon malamai a Dogon Dutsi. (Rabin hankalina na kan fuskar konseye, ina duba ko na burge shi.)

Can ƙurya na hango gurup ɗin Hadiza, kawuna a haɗe. Wannan ya nuna allo, wancan ya girgiza kai, kowa na tofa nasa. Har da'ira sun zana, tsaf. Hayaniya ta hana ni jin abin da suke cewa, ni kuma ban matsa ba. Na tafa hannu na ce kowa ya dube su, haka ake aiki tare. Har da satar kallon dirakta.

Konseye ya ce, "Hadiza, taso ki gwada muna abin da kunka samu."

Ta ɗaga allon. "Malam, wanga filin kokowa ne. Ni na ce ɗan Dosso ka ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa bana, Sani ya ce ɗan Tawa."

Aji ya fashe da dariya. Dirakta hularsa kawai ya gyara a hankali, wanda ya fi mini zafi.

A ofis dirakta ya ce daga gobe a maido tebura a jere. Na ce ba zan maido ba. "Yaran nan sun saurari juna, sun kawo hujja, ba wanda ya zagi wani. Idona ne ya yi gaggawa, ba hanyar ce ta lalace ba." Konseye ya danne dariya, ya ce a bar ni zuwa ƙarshen shekara a gani.

Har yau gurup-gurup nake koyarwa. Madam Kokowa ake kirana a gari, kuma ina amsawa. Sai dai yanzu kafin in yabi kowa, sai na duƙa na kasa kunne tukun.